Ga Ni Nan a Hanya

Tun da aka fito da wayoyi masu ƙaryata mutum, Baba Mantau ya huta da maganar da ta fi ƙona masa rai: "ga ni nan a hanya."

Rannan hadari ya haɗo, rufin ɗakinsa kuwa a yaye. Ya kira Sallau kafinta.

"Baba, ga ni nan a hanya!"

Wayar ta ce cikin ladabi, "Yana kwance ne, yana ɓarar gyaɗa."

"To, ɗan nema, ka dai ji!"

Kafin a fara yayyafi, Sallau na bisa rufi yana buga ƙusa, gumi sharkaf.

Baba ya shafa gemu. "Ba komai, ɗana, ban ji haushi ba."

Sai wayar ta yi gyaran murya a aljihunsa. Ya danne ta da hannu.