Yaren da Baba Ya Hana Ni

Ranar da Turanci ya ɓace wa Baba, ni kaɗai ne a bakin gadonsa. Tsufa ya kwashe komai, ya bar masa yaren yankinmu na Wales, wanda ya hana ni koya don kada in ƙare a ramin kwal irinsa.

Ya tsura mini ido yana ta magana. Ko kalma ban gane ba.

Dole na buga ƙofar maƙwabciyata 'yar Ingila, wadda shekara goma ban amsa gaisuwarta ba. Ita ta koyi yarenmu a ajin manya.

Ta zo ta saurare shi, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Faɗi mana, baiwar Allah."

"Wai a fitar masa da wannan ɗan Ingilan, a kira masa ɗansa."