Mai Akushin Sarki

Marin da Muryang ya sharara wa ƙanensa Sogu, har matan da ke surfen gero a bayan madafar fada sai da suka ji.

"Kai ne za ka riƙe akushin Sarki Jiwal? Da wannan hannun mai ƙarnin kifi? Ɓace mini da gani, sakarai!"

Laifin Sogu bai wuce ya ji an ce sarki zai yi tafiya ba, ya roƙi wansa ya bar masa akushin ko sau ɗaya. A barorin fada kuwa babu wanda ya kai mai akushi. Shi ke sa alharini da ɗan kunnen zinariya, kuma tun kaka da kakanni duk inda sarki ya sa ƙafa, nan yake sa tasa.

Muryang ya daɗe a kan muƙamin, amma a 'yan kwanakin nan abin nasa ya yi yawa. Shi kaɗai ke shiga ɗakin sarki, ya fito yana tashin turare, ya dire shinkafa yadda ya shiga da ita. In an tambaye shi sai harara, don wanda duk ya fitar da maganar ɗakin nan, da shi da zuriyarsa takobi ne. Ran nan ma ya aika wa gidan Sogu dokinsa da buhunan sha'ir. Sogu ya ce gori ne, ya kora masa kayansa. Wallahi ya tsani mutumin nan.

Sai Sogu ya hau tudun bayan gari, inda waziri ke tsaye kan leburori masu jibge duwatsu.

"Ranka ya daɗe, yayana tarin jini yake yi, yana ɓoyewa. Ni kuwa ga ni garau."

Waziri ya ƙare masa kallo. "Mai ciwo dai ba ya rakiya. Da bakinka kake nema?"

"Da bakina."

Kafin la'asar an huda masa kunne, an zura masa alharini. Yana cikin juyi a tsakar fada sai ga Muryang a guje, ya cakumi wuyan rigar.

"Cire! Je ka ce ƙarya ka yi mini! Nawa ne, nawa!"

"Hassada ga mai rabo taki ce, Yaya," in ji Sogu, yana dariya. "Ga wuƙar gyaran kifi can na bar maka gado."

Muryang ya buɗe baki, ya dubi dogarai, ya rufe. Ƙaton mutum ya durƙushe a ƙasa yana kuka. Sogu ya tsallake shi, zuciyarsa fari ƙal.

Da safe ayari ya fito, Sogu a gaba, akushi a hannu, keken dokin sarki a lulluɓe a bayansa. Babu kiɗa. Maimakon ƙofar gari, sai dogarai suka karkata da su kan tudun nan.

Can tsakiyar duwatsun Sogu ya ga babban rami na sarkin da ya kwana biyu da rasuwa, a gefensa kuma ga ƙarami na mai akushi, wanda aka haƙa daidai tsawon Muryang.