Amsa a Gefen Shafi

"Ni da littafi? Gadoji huɗu na gina a nan birnin Iloilo, ba wadda ta tambaye ni shafi nawa na karanta."

Haka Ambo, wanda ake kira Nong, wato babban yaya, ya faɗa ranar da kamfani ya liƙa sanarwa a ƙofar ofis: duk shugaban wurin aiki da bai ci jarrabawar jagorancin ayyuka ba kafin ƙarshen shekara, zai sauka ya ba mai takarda wuri. Shekararsa ashirin da shida yana riƙe da ma'aikata. Karatu kuwa iyakarsa sakandare, ita ma da jan gindi.

Matasan ofis su biyar suka kaure da gardamar abin da ya fi dacewa a karanta. Injiniya Charito ta ce ajin ranar Asabar. Renan mai zane ya ce bidiyo. Sauran suka ce tambayoyin gwaji a waya. Nong Ambo ya ba da tasa gudummawar yadda ya saba: ƙadangaren roba a jakar Charito, gishiri a kofin Renan.

A ɓoye ya gwada duka. Mai bidiyo yana zuba Turanci kamar ana binsa a guje. Wayar ta ba shi maki goma sha ɗaya cikin ɗari, har da hoton fuska mai kuka. Ajin Asabar kuwa ya je har bakin ƙofa, ya hango sa'o'in 'yarsa a ciki, ya wuce kamar mai neman shagon aski.

Sai littafi. Wani ƙato ne mai kaurin bulo, sabo fil, da ya tarar a kan kanta cikin kwantenar ajiye kaya. A nan yake cin abincin rana shi kaɗai tun rasuwar matarsa Nenita. Da, yaran ofis kan leƙo su ce, "Nong, zo mu je mu ci." Ya yi ta cewa a'a har suka daina. Yanzu sha biyu na bugawa sai su watse, ko waiwaye babu.

A shafi na arba'in ya maƙale. Ya zaro fensirin kafinta daga bayan kunne, mai faɗin nan da yake fiƙewa da wuƙa, ya rubuta a gefe don huce haushi: Wannan kuma me yake nufi?

Washegari ya ga amsa a ƙasa: Jerin ayyukan da in ɗaya ya makara, duk aikin ya makara. Kamar jiran kankare ya bushe.

Ya leƙa waje. Ba kowa sai karen mai gadi. Ashe akwai wani mai satar karatu irinsa. Daga ranar ya koma rubutu da hannun hagu, don kada a gane shi.

Wata huɗu suna haka. Ya bar tambaya da rana, gobe ya tarar da amsa. Abokin nasa mutum ne mai sauyin hali: yau rubutunsa ƙanana a jere, gobe kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti. Ambo ya ce gajiya ce, shi ma ya san ta.

Sannu a hankali tambayoyin suka bar littafin. Ina tsoro, ya rubuta a babi na shida. A na takwas: Gidana shiru, kujeru nake kunna wa rediyo.

Amsa ta zo: Fara cin shinkafarka tukuna, sannan babi na tara.

Ya rubuta: Kai ma kai kaɗai kake ci?

Kullum akwai kujera guda da ba kowa a teburina.

Wannan ta taɓa shi. Ya daɗe yana kallonta, kifinsa na hucewa. Ko banza akwai wanda ya fi shi kaɗaici. Ya rubuta: Wane ne kai?

Ranar da ka ci jarrabawa, zo nan da abinci.

Ya ci jarrabawar. Da ƙyar, amma ya ci. Da safe ya tsaya tsakiyar ofis yana kaɗa takardar kamar mafici.

"Ko bangon littafi ban taɓa ba. Ke Charito, je ki karɓo kuɗin ajinki. To Renan, ka gaida mai bidiyo."

"Haka ne, Nong," in ji Charito, ba ta ɗago daga aikinta ba.

Sha biyu saura ya sulale bakin titi, ya sayo gasasshiyar kaza da shinkafa, ƙunshi biyu. Ya gyara wuyan riga. Rabonsa da sayen abincin mutum biyu shekara uku ke nan.

Ya tura ƙofar kwantena.

Su biyar ɗin suna zaune, sun ɗora katako a kan duro sun yi tebur. Littafin yana tsakiya, a buɗe. Kujeru shida.

Ya mayar da ledar bayansa. "Kun ɓata hanya ne?"

"Nong," in ji Charito, "a duk wurin nan mutum nawa ne ke rubutu da fensirin kafinta?"

Hannunsa ya tafi bayan kunne da kansa.

"Kuma hagunka ya fi damanka kyau," in ji Renan.

Ambo ya dubi littafin, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta yi ƙasa. "To wane ne a cikinku?"

"Ni ce mai amsar Litinin," Charito ta ɗaga hannu. "Ni ce kuma na ajiye maka shi a kan kanta."

"Talata," in ji Renan. "Mai rubutun kazar nan."

Sauran hannayen uku suka tashi bi da bi. Charito ta jawo kujerar da ba kowa, ta leƙa ledar da yake ɓoyewa.

"Ƙunshi biyu kacal, Nong? Mu biyar muke amsa maka."