Sifirin Bindigar Pak Hisham

Sai da Badamasi ya kwance bindigar gaba ɗaya a kan teburin cin abinci sannan ya ga ciwonta: sifirin da ke cikinta ya rabu biyu. Karayar ta yi sumul, ba ta yi kama da cin tsatsa ba. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce ai ƙarfen da ne, ko karyewa zai yi sai ya yi ta da tsari. Mai neman digirin dakta a fannin injiniya ke nan, ya yanke hukunci ya wuce.

Bindigar iska ce ta gasar harbi, ta maƙwabcinsu Pak Hisham, tsoho ɗan asalin ƙasar da karatu ya kawo su, wanda ƙofarsa ke kallon tasu a wani bene na unguwar Pantai Dalam. A zamaninsa ya ci lambobi da ita, suna nan jere a bangon falonsa. Badamasi ne ya gano ta can saman sif, naɗe cikin tsohon hijabin sallar matar tsohon, Mak Cik Habiba, ranar da ya shiga taya tsohon kwashe kayan marigayiyar.

Ba kirki zalla ne ya shigar da shi gidan ba, ya kuma san haka.

Ana tsakiyar kullen korona aka haifa wa ɗan garinsu ɗa a unguwar Danau Kota. Hureira, matar Badamasi, ta ce, “Abban Rumaisa, lockdown fa ake. Ka yi masa barka ta waya.” Ya ce sunan fari, a ƙasar wasu, a ce ba a ga ƙeyarsa ba? Me za a ce a Kano? Ya saci jiki ya je, ya dawo da naman suna. Tunda ba a cin naman suna a bar maƙwabci, da hannunsa ya kai wa Mak Cik nata, har ya tsaya suna dariya a bakin ƙofa, takunkuminsa a haɓa.

Shi ɗan zazzaɓi ya yi, ƙamshi ya ɗauke masa, ya warke. Ita kuwa Mak Cik motar asibiti ta ɗauke ta, ba ta dawo ba. Babu wanda ya nuna shi da yatsa, ko Hureira ba ta taɓa cewa “na faɗa maka” ba, abin da ya fi cin ransa ke nan.

'Yar tsohon guda ɗaya, Rauda, tana Penang, an hana ƙetara jiha. Sai Badamasi ya ɗauki kai masa abinci kullum da kansa, ya kan tsaya nesa ya sauke takunkumi ya gaishe shi. Wata rana tsohon ya kira shi da sunan wani wai shi Zaid, wata rana ya tambaye shi ko Habiba ta dawo daga kasuwa, wata rana kuma ya ja shi gefe ya ce ɓarayi sun yi yawa a benen nan. Badamasi ya ce baƙin ciki ne, kuma ya san wanda ya jawo shi. Amma da tsohon ya ga bindigar, sai idonsa ya kawo haske.

“Boleh? Za ta gyaru?”

“Boleh, Pak,” in ji Badamasi. Da abin da ya fi wannan aka roƙe shi, da ya yi.

Ya ba ta ransa. Ya goge tsatsar bututun da tsumma da mai har ya koma baƙi wuluk. Fatar bakin fistan ta bushe kamar ganda, sai ya yanke maɗaurin takalminsa na fata da ya zo da shi daga Kano, ya jiƙa a mai, ya fere ta daidai ramin. Sifirin ne ya wahalar da shi. Da aka bar shaguna suka buɗe, ya samo wani a wurin mai gyaran babur, ya yi ta ragewa yana gwadawa. Hureira ta ce sun koma cin abinci a ƙasa saboda amaryarsa mai baƙin baki. Bai yi dariya ba.

Ranar da ya haɗa ta, ya jingina kwali a ƙarshen baranda, ya ɗana, ya taɓa kunama. Tas! Dalmar ta huda kwalin, ta ɓalle siminti a bayansa. Ya miƙa wa Pak Hisham ita da gwangwanin harsashinta. Tsohon ya ɗora ta a kafaɗa, hannun da ke rawa wajen riƙe cokali ya tsaya cak. Badamasi ya juya ya share hawaye. Tun rasuwar bai ji ƙirjinsa ya yi sakayau haka ba.

Washegari da azahar malaminsa ya tsare shi a kwamfuta. Hureira ta ce, “Tapau ɗin Pak, abincin nan da na ƙulla masa, zai huce, bari yau ni in kai.” Ta zura dogon hijabi baƙi, ta ɗaura takunkumi biyu, idanu kawai ake gani, ta fita.

Wayarsa ta yi ƙara. Rauda ce, da godiyarta kamar kullum. Ya ce ba komai, yana ɗokin ta gama ya ba ta labari mai daɗi. Ta bangon yana jin Hureira tana ƙwanƙwasa ƙofa tana sallama.

“Brother, na san kun lura Baba ba ya gane mutane, Mama ce ta ɓoye ciwon saboda kunya,” in ji Rauda. “Abu ɗaya ne ke bari in yi barci. Tun ranar da ta dawo daga kasuwa da takunkumi ya ɗauke ta ɓarauniya ya saita ta da bindigar nan, ta sa zarto ta yanke sifirin.”