Sunan Radiyya a Kan Allo

Radiyya ba ta taɓa sa niƙabi ba sai ranar Asabar ɗin nan, a cikin motar Birmingham. Shi ma na aro ne, yana ta zamewa yana rufe mata ido ɗaya. Hausawan Ingila suna da wata al'ada da ba a faɗa amma kowa ya sani: mutumin Manchester idan zai yi abin kunya Birmingham yake tafiya, na Birmingham kuma ya hau mota ya zo Manchester. Idan aka yi kiciɓis a hanya, kowa ya kau da kai.

Abin kunyar Radiyya fim ne. Ɗaliba ce daga Zariya, tana zaune a unguwar Moss Side ta Manchester, gidan Anti Ayishetu, Bahaushiyar Gana wadda babanta ya damƙa mata ita amana. Gidan ɗaki biyu ne. Da Radiyya ta zo, sai Mama Virtue, ƙawar Anti da ta daɗe a gidan, ta bar mata nata ɗakin ta koma na Anti, wai dama ɗumama ɗaki biyu ɓarnar gas ce. Ita wannan Mama Virtue ce ta miƙa mata lambar wani yaro mai shirya fim, Asher, ta ce yana neman mai jin Hausa da Turanci.

Sai da Radiyya ta amsa aikin sannan ta ga abin da za ta fassara. Labarin 'yan mata biyu ne a Zongon Kumasi, shekaru da yawa da suka wuce, ɗaya 'yar mai fataucin goro, ɗaya mai waƙa a coci, suna son juna irin son da ba a ambata a gaban manya. Ta so ta gudu. Amma labarin ya kama ta, ta yi kuka sau biyu a ɗakin karatu na jami'a, ta gama fassarar tsaf.

Daga baya tsoro ya zo. Sau uku tana roƙon Asher kada ya sa sunanta, sau uku yana cewa ba matsala, da saurin da ke nuna mutum bai saurara ba. Idan Anti ta ga sunan, ɗaki ya tafi, kuma kafin la'asar waya ta isa Zariya. Anti ce shugabar matan unguwa, ita ke raba faɗa, ita ke gyara wa 'yan mata ɗaurin ɗankwali a bakin masallaci ko ba su nema ba.

Ran Alhamis ma, suna cin tuwo, Anti ta ajiye cokalin miya ta ce, "Na ji an yi wani fim a kan Zongonmu. Wallahi idan yaran nan suka yi ƙarya, za su san ni." Radiyya ta sunkuyar da kai kan kwanonta. Mama Virtue kuwa ta ci gaba da tsotsar ƙashinta kamar ba da ita ake ba.

Shi ya sa Radiyya ta ce tana da taro a jami'a, ta kama hanya don ta ga allon da idonta. Su Anti sun riga ta fita, wai bikin suna za su je a Small Heath.

Wurin nuna fim ɗin ƙaramin zaure ne a bayan Stratford Road, a Sparkhill, ƙanshin soyayyen nama na shigowa ta taga. Ƙarfe biyu na rana aka kashe fitila. Radiyya ta lafe a kujerar baya, tana yi wa kanta barka da dabara. Sai hasken allo ya faɗo kan wani ɗaurin ɗankwali layi biyu a gabanta, ɗaurin da ko a kasuwa za ta gane shi. Kusa da shi ga farin gashin Mama Virtue. Wato bikin sunan ke nan.

Ba ta ga fim ɗin ba, ƙeyar Anti ta kalla awa ɗaya da rabi. Anti ta yi tsaki sau huɗu. Ta girgiza kai da aka nuno gidan mai goro. A ƙarshe, da motar Ankara, babban birnin Gana, ta tashi da 'yar cocin ta bar ɗayar tsaye a tasha tana kuka, Anti ta buga hannu a cinya har wani Bature ya waigo.

Sannan sunaye suka fara hawa. Radiyya ta karanto duk addu'ar da ta sani. Ga sunanta nan, shi kaɗai a tsakiyar allo, manyan baƙaƙe, har da sunan babanta.

Fitila ta dawo. Kafin ta kai ƙofa an riƙe mata mayafi.

"Ke, cire wannan abu, kina tafiya kamar makauniya. Tun a tasha na gane ki."

Radiyya ta cire. "Anti, don Allah kada ki kira Baba. Ban san irin fim ɗin ba ne, wallahi, da na sani..."

"Wa yake ta Babanki? Fassararki ta yi kyau. Ina Asher ɗin? Shi nake nema."

"Anti, me ya yi?"

"Me ya yi? Wata shida yaron nan yana zuwa yana shan shayina ina ba shi labari, don ya sa Turawa kuka ya je ya ɓata ƙarshen." Ta kamo hannun Mama Virtue ta ɗaga shi sama. "Ni na tsaya kuka a tasha? Da gudu na bi motar nan ba takalmi, na shiga ta taga, ga ta nan shekara talatin da takwas tana ja min bargo."