Rigar Mai Korar Tsuntsaye

Kamilu, ɗan riƙon Kawu Dogo a Furfuri, ya tuɓe tsummansa ya yi musaya da mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a gonar gero. Sallah ta matso, rigar wancan kuwa ko huji babu.

Kawu ya hango tsumma na kaɗawa, ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Gona a bakin hanya, a ce na kasa suturta abina?"

Ya hau babur sai Gusau, ya dawo da sabuwar riga. Kamilu ya miƙa hannu biyu.

"Matsa can, shi aiki yake yi! Tuɓe waccan ma, ta canjinsa ce."

Washegari aka tarar da Kamilu tsaye a tsakiyar gona, hannuwa a ware, ko motsi ba ya yi. Yana jiran tasa.