Atamfar Mama Omolara

Kwana tara ke nan abinci bai zauna mini ba. Sunana Martina, kayan miya nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yata Stephanie kuwa dakta ce, tana koyarwa a jami'a a Samaru. Asabar ɗin nan za a ba ta lambar yabo kan bincikenta da koyarwarta, wai yadda kamfani zai ci riba ba tare da ya kashe ƙasa da ruwa da ma'aikatansa ba. Haka dai ta fassara mini.

Na yi murna, Allah ya sani. Har ranar da mai keke ya kawo saƙonta rumfata: littafin da ta rubuta, katin gayyata, da atamfa turmi ɗaya mai ruwan ganye. Iska na neman kwashe katin, na jawo ƙarfen da nake danne tamfol da shi na ɗora a kai, sannan na karanta a hankali. Kujerar gaba, Mama Omolara. A jikin atamfar ma haka. Na zazzage ledar. Babu Martina ko'ina.

Madam Omolara maƙwabciyarmu ce, tsohuwar shugabar makaranta, mai tabarau da Turanci kamar ruwa. Tun Stephanie tana sakandare can take kai littattafanta. Ni lokacin ina wani kamfanin jima a Chikaji, in fita da sassafe in dawo hannuwa sun tsattsage da sinadari. Shekara goma sha huɗu na yi kafin su sallame ni kan wata magana da ba ta kai a tsaya faɗi ba. In na dawo sai in jiyo dariyar 'yata a gidan wata. Na haɗiye. Ko da ta girma, in ta zo unguwa, Madam take fara leƙawa.

Sau ɗaya na tuna ta zauna da ni sosai, shekara uku da suka wuce. Ina tsintar wake, ta ajiye wayarta a kan tabarma tana ɗaukar muryata, tana ta tono labarin zamanin da. Na ce, "Yau kuma ni aka tuna? Ai sai ki kira ni Omolara, tunda ita kaɗai ake zama a saurara." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta karanta mini wata takarda, hankalina yana kan tukunya, na sa hannu don ta bar ni.

To ranar da saƙon ya zo, ban ko rufe rumfa ba. Na tarar da Madam a ƙofar gida da baƙi, na zube mata kati da atamfa a cinya.

"Ga kayan 'yarki. Ni naƙuda kawai na yi."

"Maman Stephanie, ni? Me na yi da za a karrama ni?"

"Ki tambaye ta. Ku ne masu Turanci."

Sai ta fashe da kuka, na daɗi. Wannan ya fi komai ƙona ni. Kafin Lahadi ta kai wa tela. A taron Zumuntar Mata na cocinmu ta miƙe ta ba da shaida, aka yi ta tafi, har suka yi maganar motar da za ta kai su Samaru. Ni ina baya ina kallon silin.

Stephanie ta kira sau huɗu ban ɗauka ba. A na biyar ta ce, "Mama, saƙo ya iso?"

"Ya isa hannun mai shi. Ni kuma kada ki jira ni."

Na kashe wayar gaba ɗaya, har yau tana cikin kwanon garin masara.

Amma kishi ba ya barin mutum ya huta. Jiya da rana na ɗauko littafin na miƙa wa maigidana Julius, tsohon ma'aikacin reluwe, na ce, "Baban Stephanie, karanta mini abin da matar nan ta yi wa 'yata da ni ban yi ba."

Ya sa tabarau, yana karantawa yana fassarawa. Wai Mama Omolara leburar kamfani ce. Wata rana manaja ya ce ta buɗe bututun ruwan sinadari ya gangara rafin da masu lambu ke ba alayyahu da tumatir ruwa. Ba ta yi gardama ba. Ta kwance kan famfon, ta ƙulle shi a bakin zani, ta tafi gida. Washegari aka sallame ta. Wai da labarin nan Stephanie take buɗe darasinta kowace shekara, kuma a gaban matar nan ta fara koyon abin da ake ba ta lamba a kai.

Can ƙasan shafin akwai ƙananan rubutu. Wai ƙa'idar masu bincike ce su sakaya sunan wanda suka yi hira da shi don kada a cutar da shi, kuma wannan sunan, mai labarin ce ta zaɓa da bakinta.

Julius ya cire tabarau, ya daɗe yana kallona.

Jama'a, ku ba ni shawara, Asabar jibi ce. Madam ta karɓo ɗinkinta, har da ɗankwali, mata goma sha biyu za su raka ta. In an kira Mama Omolara a gaban manyan malamai, wa zai miƙe: mai atamfar, ko ni da kan famfon nan yake rumfata ina danne tamfol da shi har yau?